Babi na Bakwai: Ƙofar Mota

Gidan Bahaushe na asali bai san da zuwan mota ba. Zaure aka yi masa, da ƙofar da mutum zai shiga, ko jaki da mangalarsa in an matsa, sai ƙyaure na katako ko na langa-langa wanda tsohuwa ma kan tura da hannu ɗaya. Babbar ƙofa ta gari ce. Turawan Ingila biyu 'yan uwan juna, Richard da John Lander, da suka sauka Birnin Yauri a 1830, sun ba da labarin doguwar ganuwar ƙasa da ta kewaye garin. Tsaron kowa a can yake, gidaje kuwa sai abin da zai hana akuya shiga da idon mai wucewa. Ko a 1968, da aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyukan bakin Kwara, aka tashi mutum sama da dubu 40 aka gina musu sababbin matsugunai da bulon siminti, ba mota ce a ran masu zanen gidajen ba. Mutanen da ake yi wa ginin masunta ne da manoma, abin hawansu yana ɗaure a bakin ruwa.

Yau in ka zaga Yelwa, ko Birnin Yauri, ko Wara, labari ya sake. Wanda albasa ta karɓe shi, da dillalin kifi, da ma'aikacin da ya ci bashi ya sayi tsohuwar Golf, duk suna son mota ta kwana a cikin gida. Sai a fasa katanga a gefen zaure, a kira birkila ya tada ginshiƙai biyu, a kira mai walda ya haɗa get. Tun bayan abin da ya faru a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai, ba wanda zai ga laifin mai gidan da ya ce a ƙara wa ƙofarsa tsawo da kauri, a rufe ta ruf yadda ba mai leƙowa. Da ɓarawo a rai ake yin cinikin get: kaurin ƙarfe nawa, sakata nawa, ina kwaɗo zai shiga. Amma ɓarawo kan yi shekara goma bai taɓa ta ba. Wanda ke taɓa ta safe da yamma shi ne ƙaramin yaron gidan da ke rugawa in ya ji hon ɗin babansa, ko almajirin da ke yi wa uwargida aike, ko dattijon maigadi mai ciwon gwiwa.

Mu fara da nauyi, don yawancin masu gida ba su taɓa lissafa shi ba. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya, in faɗinsa da tsawonsa mita ɗaya ne ɗaya ne, nauyinsa ya kusa kilo 8. Get ɗin da mota za ta shiga a sake yakan kai faɗin mita 4 da tsawon mita 2 da rabi, wato murabba'in mita 10. In an yi shi da faranti mai milimita 2, farantin kaɗai ya haura kilo 150. Ƙara bututun da aka yi firam da shi, da sandunan tsakiya, da adon furanni da masun da ake jerawa a bisa, ka tarar da kilo 250 ba wuya. Buhun siminti biyar ke nan a tsaye a kan gefensu, ana turawa ana jawowa kowace rana. Yaro ɗan shekara shida bai fi kilo 20 ba.

Mai turawa

Get mai gudu a kan taya, wanda ake turawa gefe ya bi jikin katanga, shi ne aka fi yayi yanzu, saboda ba ya cin fili a tsakar gida kuma ba ya buɗewa cikin titi. Shi ne kuma ya fi kisa. Ƙofa mai hinji a ɗaure take da wani abu. Wannan kuwa tsaye kawai take a kan tayoyi biyu bisa siririn dogo, abin da ke hana ta kifewa 'yan ƙananan tayoyin roba ne ko na ƙarfe da aka ɗaura a kan ginshiƙi, suna riƙe da bakinta na sama. Muddin ƙofar tana tsakanin waɗannan tayoyin, lafiya lau. Ranar da ta zarce su da taƙi ɗaya, ba abin da ya rage yana riƙe da ita, sai ta faɗo a kwance, kuma galibi wajen da mai turawa yake.

Me ke sa ta zarce? Rashin abin tokarewa a ƙarshen dogon. Mai walda da yawa sukan ɗiga ɗan guntun rodi a can su ce an gama. Kullum ƙofa mai kilo 250 tana dukan wannan guntun, yau da gobe waldar ta tsage, wata rana ya ɓalle ya faɗa cikin yashi, ba wanda ya lura. Gari ya waye yaro ya tura da ƙarfinsa kamar yadda ya saba, ƙofa ta wuce. Wata hanyar kuma ta ƙasa ce. Da hunturu ƙura da yashi kan cika dogon, da damina ruwa ya kawo tsakuwa da laka, taya ta hau tsakuwa ta sauka daga layi. Ko kuwa boris ɗin tayar ya mutu, ƙofa ta yi tauri, sai a koya wa yara su ja da baya su zo da gudu su banke ta da kafaɗa. Duk gidan da ka ga ana buɗe get da irin wannan gudun, haɗarinsa ya riga ya kama hanya.

Maganin ba shi da tsada, abin da ke ba ni haushi ke nan. Abu uku ne. Na farko, tokari na gaske a kowane ƙarshe, na buɗewa da na rufewa, da ƙarfe mai kauri wanda aka dasa cikin kankare, sa'an nan a ƙara wani a saman ƙofar kanta yadda ko na ƙasa ya karye ba za ta fice daga tayoyin sama ba. Na biyu, turken ƙarfe a tsaye ta cikin gida, daura da ginshiƙi, ƙofar tana bi ta tsakaninsu. In ta sauka daga layi sai ta jingina da shi maimakon ta kwanta a kan mutum. In ƙofar doguwa ce a yi biyu. Na uku, tsintsiya. A share dogon, a duba tayoyi, a sa wa boris giris. Kada a malala baƙin mai a kan dogon kansa, yashi yake tarawa.

Wajen ciniki ne ake faɗuwa. Mai gida yakan tsaya a kan farashi har sai ya matse mai walda, shi kuma ya rama a inda ido ba ya gani. Za ka ji ana cewa, "Haba Malam, rage mini mana, ai ba banki zan tsare ba." Shi kuma ya ce, "Alhaji, ƙarfe ya hau, amma bari mu gani." Wannan "bari mu gani" tana nufin ƙaramar taya, da walda ɗigo-ɗigo wadda aka shafe da fenti. Araha ba ta ado. Gara mai gida ya ce a cire furannin da masun, a ba shi turke da tokari a madadinsu, kuma ya riƙe cikon kuɗin aiki sai an tura ƙofar da ƙarfi a gabansa har ƙarshe, hagu da dama, ya ga abin da ya tsayar da ita da idonsa.

Akwai kuma kwanakin da ake cikin aikin. Ana kawo get daga shagon walda a jingina shi da katanga, a ce gobe za a zo a ɗaura. Goben ta zama mako. Yaran unguwa kuwa ba abin da suke so kamar hawa sabon abu. Ƙofar da ba a ɗaura ba a kwantar da ita ƙasa, ko a ɗaure ta da sarƙa.

Mai hinji

Ƙofa mai ɓari biyu matsalarta tana jikin ginshiƙi. Nauyin ɓari guda yana rataye ne a gefe ɗaya, hinjin sama yana jan ginshiƙin waje, na ƙasa yana danna shi ciki, dare da rana. In ginshiƙin bulo ne kawai aka jera ba rodi ba kankare a cikinsa, ko harsashinsa bai yi zurfi ba, zai fara sunkuyawa. Ƙasar Yauri tana samun ruwan sama kusan milimita dubu a shekara, a unguwannin da ke gangaren tafkin Kainji kuwa ƙasa kan jiƙe ta yi laushi har harsashi ya motsa. Alamun a fili suke: ƙofa ta fara jan ƙasa tana zana baka a kan daɓe, sakata ta daina shiga raminta sai an ɗaga, tsaga ta bayyana inda ginshiƙi ya haɗu da katanga. Abin da aka saba yi shi ne a kira mai walda ya yanke ƙasan ƙofar don ta daina gogar daɓe. An kashe alamar ke nan, ciwon yana nan. In ginshiƙi ya faɗi, tare da ƙofar yake zuwa.

Kowane ɓari ya samu hinji uku, don in ɗaya ya karye biyu su riƙe kafin a gyara. Wani hinjin ɗora ƙofa kawai ake yi a kansa, ana iya ɗaga ta a zare. Irin wannan a juya ɗaya ya kalli ƙasa, ko a yi masa hula da walda. Tsatsa ta fi cin hinjin ƙasa, inda ruwa ke kwanciya kuma dabbobi ke fitsari. A kankare, a shafa jan fenti. A kuma lura da ratar da ke tsakanin ƙofa da ginshiƙi: tana buɗewa in an buɗe, tana matsewa in an rufe, nan yara ke cusa yatsu.

Sai iska. Duk wanda ya zauna bakin Kainji ya san guguwar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, wadda matuƙa jirgin ruwa ke tsoro. Iska mai gudun kilomita 70 a awa tana danna kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya haura kilo 20. Ɓarin get da aka rufe ruf, mai mita 2 da 2 da rabi, zai sha turi fiye da kilo 100 a lokaci guda. Ba yaro ba, ƙato ma ba zai riƙe shi ba. Ƙofar da aka buɗe aka bari tana lilo sai iska ta kwaso ta ta maka wa wanda ke tsaye, ko ta maka wa motar da ke tsakiyar shiga. Kowane ɓari yana bukatar sakatar ƙasa da raminta a inda yake tsayawa in an buɗe, ko ƙugiya a jikin bango. Dutsen da ake tokarewa da shi ba ya jure guguwa.

Ƙofar naɗi, irin ta shagunan kasuwa wadda wasu ke sa wa gareji, ƙarfinta yana cikin sifirin ɗin da ke naɗe a sama, shi ke ɗauke nauyin har mutum ɗaya ya iya ɗaga ta. In ta fara nauyi, ko an ɗaga ta rabi ta ƙi tsayawa, sifirin ya gaji ko ya tsinke. Kada a tokare ta da sanda a ci gaba da shige da fice ta ƙarƙashinta, kada kuma mai gida ya hau tsani da sifana ya ce zai ɗaure da kansa. Sifirin da ke ɗaure in ya kuɓuce yana karya hannu, yana fasa fuska. Aikin wanda ya koya ne.

Mai rimot

Get mai inji bai yawaita a Yauri ba tukuna, amma yana tafe. Duk abin da aka gani a Abuja da Kaduna ba ya daɗewa bai iso ba. Waɗanda suka riga mu amfani da shi sun biya kuɗin makaranta da rayukan 'ya'yansu, bai kamata mu sake biya ba. A Amurka aka ƙirƙiro injin buɗe ƙofar gareji, wani mai suna C. G. Johnson ya yi shi a jihar Indiyana a 1926. Shekaru suka yi ta tafiya ƙofofin suna saukowa suna danne yara, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1990. Daga farkon 1993 duk injin da aka ƙera don gidajen zama sai ya zo da kariya ta biyu, wadda galibi ido ne na lantarki: na'urori biyu suna kallon juna a gefen ƙofa, in wani abu ya gitta tsakaninsu sai ƙofar ta tsaya ta koma. Ana ɗaura su kada su wuce inci 6 daga ƙasa, don su ga yaro mai rarrafe. Maɓallin bango kuma a ɗaga shi ƙafa 5, inda ƙaramin yaro ba zai kai ba.

A Birtaniya, cikin mako guda a tsakiyar 2010, get mai inji ya matse yara mata biyu har lahira, ɗaya 'yar shekara shida a Mancesta, ɗaya 'yar shekara biyar a wani gari na yankin Wels. Ƙa'idar Turai ta ce ƙarfin da bakin ƙofa zai matsa wa abin da ya tare ta kada ya wuce kimanin nauyin kilo 40, kuma ya sake nan take. A nan, mai ɗaura inji yakan murɗa ƙarfin har ƙarshe don ƙofar ta iya tsallake yashin da ke cikin dogo, idon lantarkin kuma a bar shi cikin kwali, ko a cire wayarsa ranar da ƙura ta rufe shi ya fara hana ƙofa rufuwa. Goge shi da tsumma ya isa. Gwajin ba wuya: a ajiye jarka marar komai a kan hanyar ƙofar a danna rimot. In ta tsaya ta koma, madalla. In ta murƙushe jarkar, a kashe injin a koma turawa da hannu sai an gyara. Rimot kuma ba abin wasan yara ba ne, kada a danna shi sai ana ganin ƙofar.

Akwai darasi ɗaya da ya fi shafarmu. A gobarar dajin Kalifoniya ta 2017 wutar lantarki ta ɗauke, wasu mutane, yawancinsu tsofaffi, suka kasa buɗe ƙofar gareji su fitar da mota, suka mutu. Jihar ta yi doka, daga Yulin 2019 ba a sayar da injin da ba shi da batirin ko-ta-kwana. Su ɗaukewar wuta baƙon abu ne gare su. Mu da ke zaune a bakin ruwan da ke juya injinan Kainji mun fi kowa sanin cewa maƙwabtaka da madatsa ba ta hana kwana cikin duhu. Kowane inji yana da ɗan makullin da ke sakinsa a tura ƙofa da hannu. Uwargida ta san inda yake, ta kuma taɓa gwadawa da rana tsaka.

Wannan magana ta makulli ta wuce get mai inji. Gidan da aka kewaye da doguwar katanga, aka yi wa tagogi ƙarfe, aka toshe tsohon zaure aka mai da shi shago, mafitarsa ɗaya ce tak. In mai gida ya rufe ta da kwaɗo ta waje ya tafi masallaci ko kasuwa da makulli a aljihu, ranar da gobara ta tashi ya kulle iyalinsa da hannunsa. A bar ƙaramar ƙofa wadda ake buɗewa ta ciki, makullinta a rataye a wuri ɗaya da kowa ya sani.

Abin da ke bayan ƙofar

Motar kanta tana cikin lissafi. Direban da ke ribas ba ya ganin abin da ke dab da bayan motarsa, musamman mai tudu irin Hilux ko jif; yaro mai tatata yana iya tsayawa nan madubi uku ba su nuna shi ba. Kuma sa'ar da mota ke motsi ita ce sa'ar da yara ke fitowa, masu rakiya da masu oyoyo. Kafin a tada mota a san inda kowane yaro yake, ƙarami a hannun babba. Wanda ya buɗe get ya tsaya a inda direba ke ganinsa, kada ya tsaya tsakanin mota da ginshiƙi. Masu gida da yawa suna ɗaga daɓen ƙofa saboda ruwan damina, sai a samu gangare. Direba ya tsaya a kai, ya fita buɗe get da kansa bai ja birkin hannu sosai ba, mota ta biyo shi.

Gareji kuma ya zama ɗakin janareta a gidaje da yawa, don tsoron sata da ruwan sama. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da tagar da ta haɗa gareji da ɗakin kwana. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ce zazzaɓi ne. Mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji komai. In mutanen gida suka kwanta da ciwon kai gaba ɗaya a dare guda, a fara zargin janareta kafin a zargi abinci ko iskokai. A fitar da kowa waje, a kashe inji, a nufi asibiti. Hukumomin lafiya na Amurka suna cewa a ajiye janareta a fili, ƙafa 20 daga ƙofa da taga. Buɗe ƙofar gareji rabi ba ya wadatarwa. Haka ma ɗumama mota da sanyin asuba a cikin gareji a rufe. Jarkokin fetur kuma kada su kwana kusa da janareta.

In abin ya riga ya faru, ƙofa ta danne mutum, kada a kama hannunsa ko ƙafarsa a ja. A taru, maza uku ko huɗu, a ɗaga ƙofar a lokaci ɗaya, a tokare ta. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a naɗe shi a saɓa a kafaɗa ko a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a kan katako mai faɗi, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Yaron da ya tashi ya yi kuka ya koma wasa shi ne ke yaudarar iyaye, su ce tsautsayi ne kuma Allah ya taƙaita. Ƙarfen da ya danne ciki yana iya fasa saifa ko hanta, jini ya yi ta zuba a ciki ba a gani. Amai, yawan barci, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, kumburin ciki, leɓe ya yi fari, gumi mai sanyi, ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani ba maganar maɗori ba ce. A kai shi babban asibiti a Yelwa nan take, kada a ba shi abinci ko ruwa a hanya ko da za a bukaci tiyata. In likita ya ce a wuce Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafiyar sa'o'i ce, a kama hanya a lokacin, kada a ce sai gari ya waye.